Kwanon 'Yan Gona

Gidan da na tashi gidan gandu ne, ɗaki bakwai, tukunya ɗaya. Ko girkin wace ce, kakarmu ce ke zama a bakin madafi lokacin kwasa, da mara a hannunta, kwanuka jere a gabanta. Ba ta raba tuwo da ƙiyasin bara. Idan an yaye yaro a ɗakin kudu, malmala ta ƙaru. Idan an aurar da 'ya a ɗakin gabas, ta ragu. Da damina kuwa, kafin ta taɓa kwanon kowa sai ta fara cika na 'yan gona, ta rufe da faifai, ta sallami yaron da zai kai. Dalilinta shi ne, na cikin gida idan bai ƙoshi ba zai leƙo madafi ya faɗa, na gona kuwa ko ya yi kira babu mai jin sa.

Wannan rabon nake tunawa duk lokacin da aka tayar da maganar gyaran zaɓe da yawan 'yan majalisa a Nijeriya.

Kwanukanmu 360 ne a Majalisar Wakilai, haka tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade. Kano na da 24, Legas 24, Katsina 15, Zamfara 7, Abuja biyu. Iyakokin mazaɓun nan tun 1996 aka shata su, zamanin soja, lokacin da ƙidayar da ke hannu ita ce ta 1991, wadda ta ce ba mu kai miliyan 90 ba. A 2006 aka sake ƙirga mu aka samu miliyan 140, rabon bai motsa ba. Daga nan ma ba a ƙara ƙidaya ba. Wadda aka shirya a 2023 ɗage ta aka yi. Jaririn da aka haifa shekarar da aka jera kwanukan yau magidanci ne, amma har yanzu da lissafin wancan lokacin ake zuba wa ɗakinsu.

Ba dokar ce ta yi shiru ba. Sashe na 73 na tsarin mulkin ya ɗora wa hukumar zaɓe, INEC, aikin sake duba mazaɓu, ya kuma ba ta damar yin haka bayan ƙidaya. Sai dai duk sauyin da ta yi ba zai fara aiki ba sai majalisun tarayya biyu sun amince. Ke nan masu riƙe da kwanukan ne za a tambaya ko sun yarda a rage musu. Kakarmu ba ta taɓa barin mai cin tuwo ya riƙe mara ba.

Mutanen birni suna da gaskiyarsu, kuma ba zan tauye ta ba. Wanda ya san Kumbotso ko gefen Abuja shekara talatin baya, ya ga yadda gonaki suka zama unguwanni, ya san kujera ɗaya ta yi wa waɗannan wurare kaɗan. Idan kawuna kawai za a ƙirga, birni ne zai samu ƙari.

Amma a dubi 'yan gona. A cikin Kano, Fagge kujera guda ce, Tarauni ma haka, Dala ma haka. Da Adaidaita Sahu za ka ratsa kowace cikin ɗan lokaci, kuma gidan ɗan majalisa ba ɓoyayye ba ne. A Borno kuwa Kukawa da Mobbar da Abadam da Guzamala, ƙananan hukumomi huɗu, mutum ɗaya ke wakiltarsu. A jihar Neja Shiroro da Rafi da Munya kujera ɗaya suke rabawa. A Kaduna Birnin Gwari da Giwa ma haka. Waɗannan kuma su ne wuraren da hanya ta fi muni, layin waya ke ɗaukewa, 'yan bindiga ko Boko Haram suka hana noma. Manomin da ruwa ya cinye gadar ƙauyensu, kafin ya kai kukansa sai ya hau babur, ya shiga motar kasuwa, wataƙila ya kwana a hanya, ya isa a ce masa ranka ya daɗe yana Abuja. A takarda ƙuri'arsa daidai take da ta ɗan Fagge. A aikace tuwonsa a sanyaye yake isa, in ma ya isa.

Shi ya sa gabana ke faɗuwa idan na ji ana cewa a rage kujeru don a rage kashe kuɗi. Kuɗin da ake kashewa a majalisa ya yi yawa, wannan ba a musu, a zaftare alawus ɗin. Amma idan aka rage kwanuka, ɗakunan nesa za a fara haɗewa, mai ƙananan hukumomi uku ya koma mai biyar. Ƙara kujeru barkatai ba tare da ƙidaya ba shi ma tara wanke-wanke ne kawai.

Maƙwabtanmu na Nijar sun taɓa gwada wata dabara. Majalisarsu da aka zaɓa a 2016 ta tashi daga kujeru 113 zuwa 171, kuma a ciki akwai takwas da aka keɓe wa mazaɓu na musamman, irin su Bilma da Tesker, don kada ƙananan al'ummu masu zama can nesa su ɓace a cikin lissafin masu yawa. INEC ma ta nuna ana iya taɓa tsohon tsari: a 2021 ta ƙara rumfunan zaɓe daga kusan 120,000 zuwa 176,846, karo na farko tun 1996.

Abin da nake so a yi shi ne a ƙirga mu, ƙidaya ta gaskiya. Sannan a gyara tsarin mulki ya ce a fili faɗin ƙasa da wahalar hanya suna cikin ma'auni tare da yawan kawuna, a kuma sa wa majalisa wa'adin amincewa da sabon shaci, in ya wuce ya fara aiki da kansa. Mutumin Abadam da na Munya sun yi zaɓe bakwai da wannan tsohon rabo tun 1999, ga na 2027 yana tafe.