Tukunyar Gas da Famfon Sola a Ma'aunin Manomin Watari

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya shafewa. A watan Agustan 2022 mataimakinsa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da shirin sauya makamashi mai fannoni biyar: lantarki, girki, sufuri, masana'antu, sai man fetur da iskar gas. Noma bai samu kujera a cikin biyar ɗin ba. Ga mazaunin Watari a ƙaramar hukumar Bagwai kuwa, abubuwa biyu ne suka iso ƙofarsa, tukunyar gas da famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana.

A fannin girki, gas shirin ya sa gaba, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Duk wanda ya ga uwargida tana hura ɗanyen itace da damina, ido ya yi jawur, ga goyo a baya yana tari, ba zai yi musu ba. Matsalar ita ce a ƙauye ba da kuɗi ake sayen wutar girki ba. Karan dawa da na gero suna jingine a bayan gida tun kaka, ga sassaben darbejiya da rassan gawo daga gona. Manomin ƙasar Kano ya daɗe yana renon ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar shukarsa, yana sarar reshe ya bar uwa. Masanin nan Michael Mortimore ya yi shekaru yana nuna haka. To wanda zai tuƙa tuwon mutum goma sha biyar a ƙatuwar tukunya, an ce masa ya ɗora silinda a babur ya nufi Bichi ko Kano duk lokacin da ta ƙare, ai sabon bashi aka ɗora masa.

Famfon sola ya bi ta wata ƙofa daban. Mai noman rani da ruwan madatsar Watari bai kai gonarsa ba, da inji yake jan ruwa, injin kuwa fetur yake sha. Daga 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya janye tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Albasa da tumatir ba su san an janye tallafi ba, ruwansu suke so. Nan manomi ya fara lissafin farantin sola ba tare da kowa ya yi masa wa'azin ɗumamar yanayi ba.

Famfon sola ma yana da nasa ciwon kai. Kuɗin sayensa a dunƙule suke, ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi sai an riƙa gogewa, ɓarawo kuma ya san darajarsa, shi ya sa wasu ke kwashe farantan su kai gida da magariba.

Duk da haka sola ce ta fi, domin tana cire wa manomi kashe kuɗin da ya saba yi, gas kuwa ƙaro masa take. Gwamnatin Kano da bankunan noma su ba ƙungiyoyin manoman rani famfon bashi, a biya bayan an kwashe amfani. Matan karkara kuma a fara kai musu murhu mai tsimin itace, kafin gidan sayar da gas ya iso kusa da su.