Shin Ko Kun San? Kamshaf a Injin Tsohuwar Mota

Shin ko kun san kamshaf, sandar ƙarfen nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke buɗe bawul-bawul na injin, juyi ɗaya take yi duk sa'ad da kuranshaf, sandar da fistan ke juyawa, ya yi biyu? In injin na juyi 3,000 a minti, ita 1,500 take yi.

Dabarar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Injiniya Al-Jazari ya bayyana irinta a littafinsa na shekarar 1206, inda take motsa na'urorin ɗaga ruwa.

Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 aka kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna, kamshaf ɗinta a cikin gangar jikin injin yake, sarƙa ce ke juya shi. Volkswagen Beetle kuwa ƙusumbi huɗu kacal gare ta, su ke hidimar bawul takwas.

Masu farfaɗo da tsofaffin motoci sukan sa kamshaf mai manyan ƙusumbi, don bawul ya buɗe sosai ya kuma jima a buɗe, iska da fetur su shiga da yawa. Ƙarfi yakan ƙaru, amma sai injin ya ɗauki zafin gudu. A cunkoson gari motar sai ta yi sanyin tashi, silo ya riƙa karkarwa, mai ya riƙa tafiya, wani lokaci har birki ya yi tauri saboda zuƙar iskar da ke taimaka masa ta ragu. Ga motar zuwa ɗaurin aure da kasuwa, matsakaicin kamshaf ya fi.

Abin da ya fi kashe sabon kamshaf shi ne tashin farko. A tsohon injin, ƙusumbin gogar tafet (ɗan ƙarfen da ke isar da motsinsa ga bawul) yake yi kai tsaye, don haka ana shafe shi da man haɗi, a tayar da injin, a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30. In aka bar shi a silo, baƙin mai ba ya fantsama ya isa wurin, ƙusumbin ya cinye. Baƙin man zamani ma an rage masa sinadarin zinki da ke kare wannan gogayya, sai a nemi mai zinkin.

Kuma don Allah, in makanike ya ce tsofaffin tafet ɗin "suna da sauran rai", kada ku yarda. Sabon kamshaf da sababbin tafet ake ɗaura shi.