Shin Ko Kun San? Bahago a Gaban Inji

Shin ko kun san kusan mutum ɗaya cikin goma a duniya bahago ne? In lebura 30 suka taru ranar casa a wata gonar shinkafa a Kadawa, ba mamaki uku daga cikinsu hagu ce mai ƙarfinsu, ko da kuwa dukansu da dama suke cin tuwo. Tun yaro yana ƙarami muke mayar da shi dama wajen ci da gaisawa da karɓar abu, kuma tarbiyya ce mai tushe a addini. Amma ba ta sauya halitta. Miƙa masa hoge ka ce ya jefi tsuntsayen da suka sauka a shinkafa, nan take za ka ga hannun da zai ɗaga.

Shin ko kun san ruwan da ke raya gonakin Garun Mallam da Kura da Bunkure daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako? Ruwan ya kawo noman rani, noman rani ya kawo inji: na ban ruwa, na casa, na gyaran shinkafa, ga tarakta. Galibinsu kuwa da mai dama a zuciya aka ƙera su.

Ku dubi babur ɗin da ake kai tumatir bakin titin Zariya da shi. Totur da birkin gaba duk a hannun dama suke. A yawancin taraktoci ma, sandunan ɗaga garma da sauke ta a gefen dama na direba suke.

Shin ko kun san sandar nan da ke juyawa a bayan tarakta, wadda ake haɗa injin casa da ita, tana zagaye 540 a minti ɗaya? Tara ke nan a daƙiƙa guda. In ta kama bakin riga ko gefen rawani, kafin mutum ya gane abin da ya same shi, balle ya miƙa hannu, ta nannaɗe tufar sau da yawa. A irin wannan lokaci ba a tunani. Hannun da ya fi sabo shi ke fara zabura. To in makashin injin yana dama, ga bel da fuli suna gudu a tsakani, bahago sai ya tsallaka hannunsa ta kan abin da ke neman cinye shi kafin ya kai. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin a ƙananan injinan gyaran shinkafa da yawa bel a buɗe yake, an cire murfinsa ranar gyara ba a mayar ba, kuma wanda ya san inda ake kashewa sau da yawa mutum ɗaya ne tak, mai yiwuwa ma ya fita sayen mai.

Shin ko kun san masana sun auna abin? A 1989 Stanley Coren ya tambayi ɗalibai 1,896 a Kanada, ya samu bahagwai sun fi yawan jin raunin da ya kai su ga likita. Wasu binciken da suka biyo baya ba su ga tazara mai yawa haka ba. Amma a 1995 wasu likitocin tiyatar hannu a Amurka sun duba waɗanda suka rasa yatsu, suka tarar haɗarin bahago ya kusa ninka na mai dama sau biyar, kuma zarton lantarki na kan gaba wajen yin ɓarnar. Ba sakaci ba ne. Kayan aikin ne ba su san da shi ba.

Shin ko kun san maɓallin tsayar da inji na gaggawa yana da ƙa'ida ta duniya? Ja ne, bayansa rawaya, kansa da faɗi yadda tafin kowane hannu zai buge shi ba sai an laluba ba. A wasu masana'antu kuma akwai injinan da ba sa motsi sai an danna maɓalli biyu da hannu biyu lokaci guda, don kada ɗaya ya rage a bakin ƙarfe.

Mai inji a Kura ko Garun Mallam ba sai ya jira sabon kaya daga waje ba. Ya tambayi sabon yaro: "Kai, da wane hannu kake jifa?" Ya tsayar da shi ta ɓangaren da hannunsa zai kai makashi ba tare da ƙetare bel ba. Kafin a tayar da inji, kowa ya taɓa makashin da hannunsa, har matan da suka kawo shinkafa, su da mayafinsu ke yawo kusa da fuli.

Shin ko kun san har lauje yana da na dama da na hagu? Ta gefe ɗaya ake fitar da kaifinsa, shi ya sa a hannun bahago yakan zame daga kan karan shinkafa ya nufi yatsun da ke riƙe da damƙar. Maƙeri na iya juya kaifin, in an gaya masa tun kafin ya sa ƙarfen a wuta.