Neman Kwamfuta Mai Buɗaɗɗen Tushe da Kuɗi Kaɗan

Mai karatu ya sani, a cikin kowace kwamfutar tafi-da-gidanka akwai wani ɗan rubutu da maƙera suka dasa a allonta, ana ce masa bayos. Shi ne farkon abin da ke farkawa idan an kunna ta, kafin Windows ko Linux su motsa. Galibin kamfanoni sun kulle shi, ba mai ikon karantawa, balle ya gyara. Sayen irin wannan kuwa cinikin biri a sama ne. A shekarar 2018 masu bincike na kamfanin ESET suka bayyana wata muguwar manhaja mai suna LoJax, wadda ke ɓuya a wannan wuri. Ko an goge kwamfuta kakaf, ko an sake mata ma'ajiya, tana nan daram. Attajirin da lissafinsa ke ciki ya san nauyin wannan magana.

Maganin da aka samo shi ne coreboot, watau bayos wanda matansa a buɗe yake, kowane masani na iya bin sa layi-layi, kamar yadda ake gwada kwafin littafi da asalinsa. An fara shi a 1999 a Los Alamos ta ƙasar Amurka da sunan LinuxBIOS, aka sake masa suna a 2008. A 2013 Libreboot ya tsiro daga jikinsa a Ingila.

To, wahalar tana wajen haɗa abu uku, sabunta da araha da buɗaɗɗen tushe. Tun daga 2013 kamfanin Intel ya shigo da wani makulli, Boot Guard, wanda idan maƙeri ya ɗaura shi, kwamfuta ba ta tashi da kowane bayos sai mai hatiminsa. Saboda haka yawancin sababbi sun fita daga lissafi. Akwai dai masu sayar da sabuwa da coreboot a ciki, kamar System76 a Amurka, da Star Labs a Ingila, da NovaCustom a Holan, amma kuɗinsu ba na mai ƙaramin jari ba ne, ga dako, ga kwastan. Har wa yau, su ma ba su kuɓuta sarai ba, domin akwai guntayen rubutun Intel da ba a tashi sai da su, kuma a rufe suke.

Mai neman sauƙi sai ya koma ga na hannu. ThinkPad X230 ta 2012 da T440p ta 2013 duk suna karɓar coreboot, sai dai sun kwana biyu. Wadda ta fi dacewa ita ce T480 ta 2018, da Libreboot ya samu hanyar ƙetare makullinta a ƙarshen 2024. Tana da ƙarfin da zai ishi ɗan kasuwa da mai nazari. Chromebook ma da coreboot take zuwa tun daga masana'anta, ga araha, illa dai ma'ajiyarta ƙarama ce.

Sauya bayos ba aikin gaggawa ba ne. Sau da yawa sai an kwance kwamfutar, an maƙala wa guntun da ke ɗauke da shi wata 'yar na'ura, an kwafe na asali an adana, kana a rubuta sabo. Wanda ya tsallake kwafewar nan, idan aiki ya ɓaci, allo na iya ƙin sake haske. Kafin a biya kuɗi, a duba lambar samfurin da kyau, gama T480 da T480s ba bayos ɗaya suke ɗauka ba.