Wa Ya Cancanci Yin Rajistar Zaɓe a Najeriya, Kuma Yaya Ake Yin Ta?

Tambaya: Malam, a gidanmu akwai mutum huɗu da maganar katin zaɓe ta shafa. Ƙanena ya balaga amma bai cika shekara 18 ba, matata ta yi rajista a garinsu tun kafin aurenmu, mahaifiyata katinta ya ɓace, sannan akwai ɗan'uwanmu daga Maraɗi da ya daɗe yana zaune tare da mu. Wa ya kamata ya je rajista a cikinsu, kuma yaya ake yi?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, a yadda ka zayyana su, babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan huɗu da zai yi sabuwar rajista a yau. Biyu ba su cika sharaɗi ba, biyu kuma sun riga sun yi, abin da suke buƙata daban ne. Bari mu fara da sharuɗɗan, domin da su za ka auna kowa a gidan, har da kai kanka.

Rajistar masu zaɓe aikin Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa ne, wato INEC. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba duk ɗan Najeriya da ya kai shekara 18, kuma yake zaune a ƙasar lokacin rajista, haƙƙin a rubuta sunansa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙara fayyacewa: dole mutum ya kasance yana zaune a yankin da zai yi rajistar, ko yana aiki a can, ko can ne asalinsa, dole ya gabatar da kansa ga jami'an rajista, kuma kada ya zama akwai wata doka da ta hana shi kaɗa ƙuri'a. Ka lura da abin da ba a ambata ba. Ba a nemi takardar makaranta ba, ba a nemi shaidar biyan haraji ba, ba a nemi katin jam'iyya ba. Wanda bai iya boko ba da farfesa layi ɗaya suke bi. Rajistar kuma kyauta ce, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi kafin a rubuta ka, ba aikin hukuma yake yi ba.

Game da ƙanenka, nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. A shari'a, balaga ita ce iyakar da hukunce-hukunce suke hawa kan mutum, don haka yaro ɗan shekara 15 na iya zama baligi, yana azumi, har ya yi wa tsaransa limanci. Amma dokar zaɓe ba balaga take dubawa ba, shekara 18 cif take ƙidayawa, kuma da lissafin miladiyya. Shekarar Hijira ta gaza ta miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, saboda haka wanda ya cika 18 a lissafin Hijira yana da sauran wata shida da 'yan kwanaki kafin ya cika a lissafin hukuma. Idan ƙanenka ya tsaya gaban jami'i ya ƙara wa kansa shekara, ƙarya ya yi. Wanda ya kai shi ya ce "ai na san ranar da aka haife shi" alhali ya san ba haka ba ne, shaidar zur ya bayar, kuma ka san matsayinta a cikin manyan zunubai. Cewa wasu ma suna yi, ko cewa ana son ɗan takara nagari ya ci, ba ya mayar da ita halal. Akwai kuma wata illa da yara ba sa hangowa: ranar haihuwar da aka ƙaga za ta bi shi, gobe ta saɓa da ta takardar makarantarsa da ta lambar NIN, ya shiga zirga-zirgar kotu yana rantsuwa a kan abin da shi ya jawo wa kansa. Ya yi haƙuri har ya cika, sai ya je.

Ɗan'uwanku na Maraɗi kuma maganarsa ta ɗan ƙasa ce, kuma tana buƙatar a bincika kafin a yanke. Iyakar Najeriya da Nijar ta raba dangi da yawa, Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram, Illela da Ƙonni, uwa a nan uba a can. Tsarin mulki ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya, idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Idan haka ne lamarinsa, kuma yana da abin da zai nuna, ƙofa a buɗe take gare shi. Idan kuwa iyayensa duka 'yan Nijar ne, daɗewa a Kano ko Katsina ba ta mayar da shi ɗan ƙasa, ko da ya yi aure a nan ya gina gida. Akwai hanyar neman zama ɗan ƙasa a hukumance, wadda cikin sharuɗɗanta akwai zaman shekara 15, kuma sai an ba shi takardar sannan zai iya rajista. Mace 'yar wata ƙasa da ta auri ɗan Najeriya tana da tata hanyar ta daban, ita ma sai ta nema an ba ta. Kafin nan, ƙuri'arsa tana can ƙasarsa. Haka shi ma ɗan Najeriya da ke zaune a Makka ko Khartum ba ya iya rajista daga can, sai ya zo gida da kansa.

Yanzu ga maganar matarka da mahaifiyarka, wadda ita ce ta fi jawo wa mutane asara. Rajistar zaɓe sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Katin dindindin, wanda ake kira PVC, ba ya tsufa, ba a sabunta shi duk zaɓe. Mutane da yawa idan kati ya ɓace ko sun canza gari sai su ga ya fi sauƙi su sake bin layi kamar ba su taɓa yi ba. Hukumar tana da na'urar da ke kwatanta zanen yatsu da fuskar kowane sabon mai rajista da na duk waɗanda ke cikin kundi. A rajistar da aka yi daga Yunin 2021 zuwa ƙarshen Yulin 2022, mutum 12,298,944 ne suka kammala, amma aka soke 2,780,756 daga ciki, saboda maimaici da rashin cancanta. Wato kusan mutum ɗaya cikin biyar, ko ma fiye, ya sha rana a banza, ya koma gida yana jiran katin da ba zai fito ba. Ban da wannan, Dokar Zaɓe ta 2022 ta sa tarar da ta kai naira 100,000, ko ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko duka biyun, a kan wanda ya yi rajista fiye da sau ɗaya.

Abin da matarka za ta nema shi ne sauyin wurin zaɓe. Za ta je ofishin INEC na ƙaramar hukumar da take zaune yanzu da katinta, ta ce tana son a dawo da sunanta rumfar da ke kusa da gida, ko ta fara neman ta shafin hukumar na intanet. Idan an amince, za a cire sunanta daga tsohuwar rumfa a sa a sabuwa, a buga mata wani katin. 'Yar'uwa mai karanta wannan, ki kula da wannan sosai, domin aure ne ya fi raba mata da ƙuri'unsu. Kin yi rajista a Gusau, aure ya kai ki Zariya, ranar babban zaɓe kuma an taƙaita zirga-zirgar ababen hawa. Ga kati a hannu amma rumfarki tana nesa, kuma ba a yarda ki yi zaɓe a rumfar da babu sunanki ba. A kundin zaɓen 2023 mata su ne kashi 47.5 cikin ɗari na mutum 93,469,008 da ke ciki. Matan Arewa kuwa ba su daɗe da samun wannan haƙƙi ba, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 suka fara kaɗa ƙuri'a, bayan shekarun da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kansa.

Mahaifiyarka kuma za ta nemi a sake buga mata katin da ya ɓace. Za ta bayyana yadda ya ɓace, ana iya neman ta da takardar rantsuwa ta kotu. Kati da ya karye ko ya goge, da suna da aka rubuta ba daidai ba, duk ta wannan ƙofar ake bi.

Wanda bai taɓa yi ba, kamar ƙanenka idan lokacinsa ya yi, ga yadda abin yake. Hukumar tana buɗe rajista lokaci zuwa lokaci a ofisoshinta na ƙananan hukumomi 774 da na jihohi, wani lokaci ta zagaya da na'urori mazaɓu. Tun 2021 ana iya fara cike bayanai ta waya a shafin hukumar, a zaɓi ranar zuwa. Sai dai wannan rabin aiki ne. Miliyoyin mutane sun cike ta intanet a 2021 da 2022 suka zauna a gida suna zaton sun gama, sunansu bai shiga kundi ba, saboda ba su je an ɗauki hotonsu da yatsunsu ba. Dole ka je da ƙafarka. Miji ba ya yi wa mata, ɗa ba ya yi wa uba. Ka tafi da abin da zai tabbatar da kai wane ne, shekarunka nawa, kuma ɗan ƙasa ne: takardar haihuwa, ko fasfo, ko takardar NIN. Kafin ka tashi daga gaban jami'i, ka sa a karanta maka sunanka da ranar haihuwarka da rumfar da aka sa ka. Muhammad da Mohammed, A'isha da Aishatu, ƙaramin bambanci ne a baki amma babba ne a banki, tunda katin yana cikin abin da ake karɓa a matsayin shaida. Za a ba ka 'yar takarda, ka adana ta. Ba da ita ake zaɓe ba, amma tana sauƙaƙa neman katinka idan ya fito.

Mata sukan tambaya game da hoton. Ba a cire hijabi, fuska kawai ake so ta fito sarai. Mai niƙabi za ta buɗe fuskarta na ɗan lokacin ɗaukar hoto, haka kuma ranar zaɓe idan na'urar BVAS ta kasa karanta yatsanta aka koma tantancewa ta fuska. Malaman da suke ganin wajabcin rufe fuska su ma sun halatta buɗe ta saboda buƙata irin ta bayar da shaida da tabbatar da ko wace ce, gwargwadon buƙatar. Idan akwai jami'a mace a wurin, ki nemi ita ta ɗauke ki. Shawara kuma, ki jinkirta ƙunshi har sai kin dawo, domin lalle mai kauri a kan yatsu yakan wahalar da na'ura, kamar yadda kanta da faso suke wahalar da manoma da masu aikin hannu.

Bayan an rufe rajista, hukumar tana liƙa sunaye a mazaɓu na 'yan kwanaki domin jama'a su duba. Ka je ka nemo sunanka da na iyalinka. A nan ne kuma ake ƙorafi a kan sunan mamaci, ko yaro, ko wanda ba ɗan ƙasa ba. A ƙarshen 2022 an cire sunaye 53,264 ta wannan hanya. Idan an yi maka rasuwa, sanar da hukuma ya fi barin sunan mamacin a kundi wani ya yi amfani da shi. Sai karɓar kati, shi ma mai shi ne kaɗai zai karɓa. Kafin zaɓen 2023 katunan da aka karɓa 87,209,007 ne, fiye da miliyan shida suka kwana a ofisoshi.

Idan kati ya zo hannunka, za ka iya haɗuwa da masu yawo gida-gida suna karɓar katuna ko lambobinsu, da sunan za a kawo tallafi ko bashi. Da wuya su iya zaɓe da katin wani tunda na'ura tana duba yatsa da fuska. Abin da suke so shi ne kai kada ka yi. Dokar 2022 ta sa tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu a kan saye ko sayar da katin zaɓe, ko riƙe na wani ba bisa ƙa'ida ba. A shari'a kuma kuɗin da aka karɓa don a danne shaida ba kuɗin da za a ciyar da iyali da shi ba ne.

Wataƙila a gidan akwai mai cewa shi bai gamsu da shiga zaɓe ba tukuna. Malamai sun yi magana a kan wannan, kuma da yawa daga malaman ƙasar nan suna ganin a shiga domin jawo maslaha da rage ɓarna. Wannan mas'ala ce mai zaman kanta. Abin da ya shafi tambayarka shi ne lokaci. Dokar 2022 ta ce a dakatar da rajista aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, kuma neman sauyin wuri da neman sabon kati su ma suna da irin wannan wa'adi. A aikace hukumar takan rufe tun kafin haka: ta rufe ranar 31 ga Yuli, 2022, zaɓen shugaban ƙasa kuma sai 25 ga Fabrairu, 2023, kusan wata bakwai a tsakani. Mallakar kati ba ta tilasta wa kowa fita zaɓe, amma wanda ya bari sai yaƙin neman zaɓe ya yi zafi sannan ya yanke shawara, zai tarar an rufe. Don haka ka ɗauki matarka da mahaifiyarka ku je ofishin INEC na ƙaramar hukumarku tun ana karɓa, ka kuma tambayi jami'an wurin ranar rufewa da takardun da ake nema a wannan zagayen, domin majalisa takan yi wa dokar zaɓe gyara.

Allah ne Mafi sani.