Haƙoran Roba: Maganin Giɓi, Amma Sai An Kula

Babban mutum yana da haƙora 32 a bakinsa, amma ba kowa ne yake kai tsufa da su duka ba. Ciwon dasashi ya kan zubar da waɗansu, ruɓa ta ci waɗansu, haɗarin mota ko babur kuma ya ɗebe nasa rabon. Wushirya ado ce, giɓi kuwa ba haka ba. Dattijon da turamensa suka zube sai ya haƙura da tsire ya koma kan kunu da tuwo mai laushi, maganarsa ta riƙa fita da iska, kumatu su lotsa.

Neman maganin wannan ba yau aka fara ba. A da can Turawa su kan sassaƙa haƙora da hauren giwa ko na dorina, har ma su haɗa da haƙoran mutane. George Washington, shugaban Amurka na farko, haƙori ɗaya tak ya rage masa lokacin da ya hau mulki a 1789, da irin waɗannan ya yi ta fama. Wajen 1937 ne aka soma amfani da robar nan mai launin dasashi, wadda har yanzu ita ce aka fi aiki da ita. Wannan daban yake da haƙorin Makka na alhazai, wanda galibi kwalliya ce ake yi wa lafiyayyen haƙori.

A asibiti likita ya kan fara duba bakin, ya cire abin da ya lalace, sa'an nan ya ɗauki siffar dasashi da wani abu mai kama da ƙullu. A kan wannan siffa ake ƙera haƙoran, a gwada, a rage inda yake gogar nama. Makonnin farko akwai wuya, yawu ya yi yawa, abinci ya ƙi taunuwa, amma baki ya kan saba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bayan an cire haƙori ƙashin muƙamuƙi yana ta raguwa a hankali. Saboda haka haƙoran da suka zauna daram bana, nan da 'yan shekaru sai su fara kwaɗo-kwaɗo, dole a koma a gyara. Ana cire su da dare a wanke da buroshi, a ajiye cikin ruwa, amma ban da ruwan zafi domin yana lanƙwasa su. Masu cin goro kuma sai sun ƙara himmar wanki.

Inda ake shiga uku shi ne wurin masu sa haƙori na bakin kasuwa da tasha. Su kan liƙe robar a jikin haƙoran da ke gefe, ta yadda ba ta ciruwa. Abinci ya taru a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, har mutumin da ya je cike giɓi ɗaya ya wayi gari da giɓi uku.