Me ya sa hayaƙin bola ke ƙin tashi sama da hunturu?

A Ingila, in sanyi ya kankama, ƙananan hukumomi kan watsa gishiri a titi, domin ruwan gishiri ba ya daskarewa a digiri 0. Mu a Kano matsalarmu shara ce.

Ka duba gefen Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, da asuba. In motar REMASAB ta makara, sai a cinna wa bola wuta. To, cikin dare iskar ƙasa kan yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta rufe ta kamar murfin tukunya. Hayaƙin leda ya rasa mafita, sai huhunka, balle yara da masu asma.

Ragowar kuma ita ke toshe kwalbati a Agusta. Kwashewa tun yanzu ta fi ƙonawa.